Jan kati da baƙin kati: yadda wasa ke koyar da lissafin lambobin ƙasa da sifili

Yaron da ya shekara biyar ko shida yana lissafi a makaranta yakan iso darasin lambobin ƙasa da sifili ɗauke da wasu ƙa'idoji da suka zauna masa daram a kai. Ya san cewa tarawa tana ƙara yawa, ɗebewa tana ragewa, ba a ɗebe babba daga ƙarami, kuma idan ana ƙirgawa zuwa ƙasa to a kan sifili ake tsayawa. Duk waɗannan gaskiya ne muddin abubuwan da ake gani da ido ake ƙirgawa, amma daga ranar da malami ya rubuta 3 − 8 = −5 a kan allo, ya biyo da 4 − (−6) = 10, sai ƙa'idojin nan huɗu su rushe a cikin mako guda. Mafitar da ɗalibai da yawa ke samar wa kansu ita ce haddace wata gajeriyar doka, wato alamar ɗebewa biyu suna zama tarawa, sannan su riƙa ɗora ta a duk inda suka hango alamomin nan biyu, har ka ga an rubuta −3 + (−5) = +8 ba tare da wani ɗar ba. Wasan katin da za a yi bayani a nan an tsara shi ne domin toshe wannan kafa, kuma amfaninsa ya dogara ne ga abu ɗaya: yana raba wa ɗalibi ayyuka biyu da alama guda take yi, ya sa ɗaya a jikin kati, ya sa ɗaya a motsin hannu.

Ba yara kaɗai ne lambobin nan suka wahalar ba. Diophantus na Iskandariya ya ɗauki lissafin da amsarsa za ta faɗa ƙasa da sifili a matsayin shirme. Cardano na Italiya, a 1545, ya yarda ya rubuta irin waɗannan amsoshi amma ya kira su na ƙage. A ƙarni na 17 Antoine Arnauld na Faransa ya kawo wata hujja da har yau take iya tsayar da ɗalibi mai kaifin basira: idan −1 ya gaza +1, ta yaya raba −1 da +1 zai ba da amsa daidai da raba +1 da −1, alhali a na farko ƙarami aka raba da babba, a na biyu kuwa babba aka raba da ƙarami? A wasu wurare kuma an riga an wuce wannan mataki da daɗewa. Brahmagupta na Indiya ya rubuta dokokin lissafi da dukiya da bashi da sifili tun a shekara ta 628, masu lissafi a ƙasar Sin kuwa sun riga shi da ƙarnuka, suna aiki da tsinken ƙirga masu launi biyu. Liu Hui, a sharhin da ya yi a shekara ta 263, ya bayyana cewa jajayen tsinke na lambobin sama da sifili ne, baƙaƙe kuma na ƙasa da shi. Masu lissafin kuɗi na zamani sun juya launukan, ja ya koma na asara, kuma wannan tsari na biyu shi ne wasan ke bi. Abin lura shi ne waɗanda suka fara sabawa da lambobin nan su ne waɗanda ke da wani abu a hannu da suke ɗauka suna ajiyewa.

Kayan wasan kati arba'in ne ga kowane rukuni na ɗalibai uku ko huɗu. Ashirin baƙaƙe ne, daga +1 zuwa +10, kowace lamba sau biyu. Ashirin jajaye ne, daga −1 zuwa −10, su ma sau biyu-biyu. Ana iya amfani da karta idan aka cire katuna goma sha biyu masu hoto daga cikin 52, amma katin da aka yanka daga kwali ya fi dacewa, domin a jikinsa ana iya rubuta alamar tare da lambar, ta yadda ɗalibin da ba ya bambance launi sosai ba zai cutu ba, kuma makarantar da ba ta son ganin karta a aji saboda alaƙarta da caca ba za ta sami abin ƙi ba. Bayan an cakuɗa katunan, sai a raba wa kowa huɗu, ya baje su a gabansa a buɗe, ya rubuta jimillarsu a littafinsa. Wannan jimilla ita ce makinsa. Idan zagaye ya zo kansa, zai ja kati ɗaya daga tarin da ke tsakiya, ya rubuta lissafin tarawa, sannan ya zaɓi ɗaya daga cikin biyar ɗin da ke gabansa ya yar, ya rubuta lissafin ɗebewa. Wanda ke damansa ne zai duba masa abin da ya rubuta kafin a wuce. Bayan zagaye biyar, wanda makinsa ya fi kusa da sifili shi ne ya ci.

A ɗauka wata ɗaliba ta sami +7 da −3 da −8 da +2. Baƙaƙenta sun kama 9, jajayenta sun kama 11, ja ya rinjaya da biyu, saboda haka makinta −2. Ta ja kati, sai ga −5, ta rubuta −2 + (−5) = −7. Yanzu dole ta yar da ɗaya, kuma a nan ne aikin ƙwaƙwalwa yake, domin kafin ta zaɓa sai ta gwada hanyoyi biyar a zuciyarta ko a gefen takarda. Idan ta yar da +7 za ta koma −14, ta ƙara nisa. Idan ta yar da +2 za ta koma −9. Yar da −3 zai kai ta −4, yar da −5 ɗin da ta ja yanzu zai mayar da ita −2 inda ta fito, yar da −8 kuwa zai kai ta +1. Ta zaɓi na ƙarshe, ta rubuta −7 − (−8) = +1. Lissafi biyar ke nan na ɗebewa a zagaye guda, uku daga ciki na ɗebe lambar ƙasa da sifili, kuma ba wanda ya tilasta mata yin su sai son ta ci wasa.

A cikin rubutun −7 − (−8) akwai alama iri ɗaya sau uku, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta farko da ta uku suna faɗin irin lambar ne, wato a wane gefen sifili take. Ta tsakiya kuwa umarni ce, tana cewa a cire. A kan allo ukun duk ɗan gajeren layi ne na alli, shi ya sa idon ɗalibi ke haɗe su ya rasa wace ce wace. A cikin wasan ba za su taɓa cakuɗewa ba, domin irin lambar launi ne da ke manne a jikin kati ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, umarnin kuwa hannu ne da ya miƙa ya ɗauko ko ya ture. Ɗalibin da ya ture jan kati daga gabansa ya ga makinsa ya hau, ya fahimci dalilin da ɗebewa ke iya ƙara yawa, tun kafin a ba shi wata doka: abin da ke janyo shi ƙasa ne aka ɗauke. Haka kuma wanda ya ja jan kati a kan jajayen da yake da su ba zai yarda cewa −3 + (−5) zai zama +8 ba, tunda babu baƙin kati ko ɗaya a gabansa da zai haifar da hakan.

Akwai wani ƙarfi a tsarin wasan da ba a cika lura da shi ba, wato kowace amsa tana da hanya ta biyu ta tabbatarwa wadda ba ta buƙatar malami. Ɗalibar da ta rubuta +1 tana iya sake tara katuna huɗun da suka rage mata, +7 da −3 da +2 da −5, ta ga baƙaƙe 9 ne, jajaye 8, saura +1. Idan da ta yi kuskure ta rubuta −15, kamar yadda mai ganin ɗebewa kullum ragewa ce zai yi, katunan da ke gabanta ne za su ƙaryata ta. A ajin da ɗalibai suka kai sittin, inda malami ba zai iya leƙa littafin kowa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har ƙarshen wasa ma akwai awo na rukuni gaba ɗaya: baƙaƙen katuna ashirin sun kama 110, jajaye ma 110, saboda haka idan aka tara makin kowa da na tarin tsakiya da na katunan da aka yar, dole a sami sifili. Rukunin da bai sami sifili ba ya san akwai kuskure a wani wuri, kuma neman wurin da yake darasi ne mai zaman kansa.

Zaɓen sifili a matsayin abin nema ba ado ba ne. Da a ce mai maki mafi yawa ne ke ci, da dabarar ta zama ɗaya tak, a yar da jan katin da ya fi girma kowane zagaye, kuma bayan minti biyar babu mai sake tunani. Neman sifili kuwa yana sa dabarar ta riƙa sauyawa: wanda ke sama yana son rabuwa da baƙi, wanda ke ƙasa yana son rabuwa da ja, kuma ba lallai ne mafi girma ba, domin yana iya tsallake sifili ya faɗa can ɗaya gefen. Ɗalibai masu lura sukan gano da kansu cewa katin da ya fi dacewa a yar shi ne wanda lambarsa ta fi kusa da makin da ake da shi, tunda duk lambar da aka ɗebe daga kanta sifili take bari. A misalin da ya gabata makin −7 ne, katin da ya fi kusa da shi −8 ne. Bai kamata malami ya yi gaggawar faɗa musu wannan ba. Ranar da wani ya gano, sai a ba shi alli ya bayyana wa aji dalili.

Sai dai wannan manufa tana da tarko, kuma wajibi ne a fito da shi fili. A wasan, mai −2 ya doke mai +5, mai −3 da mai +3 sun yi kunnen doki. Abin da ake aunawa nisan lamba ne daga sifili, ba girmanta a jeri ba. Idan ba a yi hattara ba, ɗalibi zai fita da tunanin cewa −9 ya fi −2 girma saboda ya fi shi nisa, wanda dama kuskure ne da yara ke yawan yi tunda sun saba 9 ya fi 2. Maganinsa shi ne a ja layin lambobi a kan allo ko a ƙasan aji daga −20 zuwa +20, bayan kowane wasa 'yan rukuni su nuna inda makinsu yake, sannan a yi musu tambayoyi biyu daban: wa ya fi kusa da sifili, kuma wa ke da lamba mafi girma? Amsoshin sukan bambanta, kuma bambancin nan shi ne darasin. Layin lambobi, wanda ake danganta bayyana shi da John Wallis na Ingila a 1685, shi ne ke ba da abin da kati ba ya bayarwa, wato jeri da matsayi. Ma'aunin sanyi da zafi ma layin ne a tsaye, kuma duk ɗalibi zai yarda cewa −9 ya fi −2 sanyi, wato ya fi shi ƙasa.

Akwai wani salo mafi sauƙi da malamai da yawa suka fi sani: ɗalibai biyu kowa ya buɗe kati ɗaya a lokaci guda, wanda ya riga faɗin jimillar ya kwashe duka biyun. Yana da nasa amfanin. Daga kati arba'in ana iya fitar da tagwaye 780 daban-daban, kuma 190 ne kawai daga ciki suke baƙi da baƙi, wato tarawar da yaro ya riga ya iya. 190 ja da ja ne, 400 kuma gauraye, saboda haka wajen kashi uku cikin huɗu na tambayoyin sabon abu ne. Amma a ganina bai dace a fara da shi ba. Wasan tsere yana saka wa wanda ya riga ya iya ne, shi kuwa mai jinkiri yana zaune yana kallon ana kwashe kati kafin ya gama karanta alamar, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa lissafi ba nasa ba ne. Ban da haka, babu ɗebewa a cikinsa ko kaɗan, alhali nan ne ciwon yake. A wasan neman sifili kuwa ba a tsere, kuma sa'ar katin da aka ja tana da rabo a sakamakon, don haka ɗalibi mai rauni yakan ci wani lokaci. Salon tseren ya fi kyau a ajiye shi sai bayan fahimta ta zauna, a yi shi minti biyar a farkon darasi don wasa ƙwaƙwalwa.

Wata tambaya takan taso da zarar an koma littafin darasi. An ce a lissafa 5 − (−3), ɗalibi ya ajiye +5 a gabansa, sai ya ce ba shi da −3 da zai yar. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma amsarta tana cikin wasan idan aka ƙara doka guda: kowa na iya ɗaukar kati biyu masu lamba ɗaya da launi daban a kowane lokaci, domin +3 da −3 tare sifili ne, ba su sauya maki. Ya ɗauko su, makinsa na nan a 5, ya yar da −3, abin da ya rage +5 da +3, wato 8. A nan ne dokar da ke cikin littattafai take fitowa da dalilinta: ɗebe lamba daidai yake da tara kishiyarta. Kuma dabarar tana aiki a ɗaya ɓangaren, domin 3 − 8 ma haka ake yi, a ɗauko +8 da −8, a yar da +8, a bar +3 da −8, a sami −5. Tsohuwar ƙa'idar nan ta ba a ɗebe babba daga ƙarami ta faɗi ke nan a gaban idon ɗalibi.

Idan aka zo ninkawa, ƙarfin wasan yana raguwa, kuma gara malami ya san iyakarsa. Ana iya cewa 2 × (−4) shi ne ɗaukar kati biyu na −4, maki ya sauka da 8. Ana kuma iya cewa (−2) × (−4) shi ne yar da kati biyu na −4, maki ya hau da 8. Bayanin yana tafiya, amma a lura da abin da ya faru: lamba ta farko ta daina zama kati, ta koma umarni, alamarta kuma ta koma ma'anar ɗauka ko yarwa, wato ayyuka biyun da aka sha wahalar rabawa sun sake haɗuwa. Ɗalibi mai tambaya yana da haƙƙin cewa wa ya yanke cewa haka za a fassara ta. Misalin bashi ma a nan yake sarewa, domin bashi sau bashi ba shi da wata ma'ana a rayuwa. Saboda haka ya kamata a tallafa wa kati da hujja daga cikin lissafin kansa. Ta farko ita ce bin jeri: 3 × (−4) = −12, 2 × (−4) = −8, 1 × (−4) = −4, 0 × (−4) = 0, kowane mataki amsar tana hawa da 4, don haka (−1) × (−4) ba shi da inda za shi sai +4. Ta biyu ta fi ƙarfi: tunda 4 + (−4) sifili ne, to (−2) sau wannan jimilla ma sifili ne, idan aka ninka kowane ɓangare daban, (−2) × 4 ya ba da −8, saboda haka dole (−2) × (−4) ya zama +8 kafin su kashe juna. Rabawa kuwa ba ta da gurbi a wasan, kuma babu buƙatar a ƙaƙaba ta. A koyar da ita a matsayin juyin ninkawa ya wadatar.

Abin da ya fi kashe amfanin irin wannan wasa shi ne barin rubutu. Yara suna saurin ƙwarewa a ƙirga ja da baƙi da ido, su yi ta wasa daidai har a kaɗa ƙararrawa, amma washegari a ba su −7 − (−8) a takarda su kasa, domin ba su taɓa haɗa motsin hannunsu da waɗannan alamomi ba. Shi ya sa dokar rubuta layi biyu a kowane zagaye ba abin sassautawa ba ce, kuma yana da kyau mai wasa ya furta abin da ya yi da baki kafin ya rubuta, ya ce ina da bakwai ƙasa da sifili, na cire takwas ƙasa da sifili, na koma ɗaya sama da sifili. Sanya baka, wato ( ), a kewayen lamba mai alama shi ma a dage a kansa tun ranar farko, domin bakan ita ce ke tsayawa a madadin gefen kati.

Daga nan sai a riƙa janye katin sannu a hankali. A darasi na farko da na biyu katuna suna buɗe a gaban kowa. A na uku ana iya kife su bayan an rubuta lambobinsu, a yi lissafin a takarda, sai an gama a buɗe don tabbatarwa. Daga baya malami ya rubuta lissafi a allo, kamar −6 − (+4) + (−2), ya nemi ɗalibai su ba da labarin abin da ya faru a wasan da zai haifar da wannan rubutu: mai wasa yana da −6, ya yar da baƙin huɗu ya koma −10, ya ja jan biyu ya koma −12. Wanda ya iya juya alamomi zuwa labari, ya kuma juya labari zuwa alamomi, ba ya buƙatar kwali kuma. A wannan mataki ana iya shigo da lambobin da babu su a cikin katuna arba'in ɗin, kamar −35 − (−48), a ga ko ɗalibi zai ce an ɗauke masa jan da ya fi abin da ke kansa da 13, ya rubuta +13.